Abin da Ya Kori A-kori-kura Daga Kasuwar Amurka

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Hausa ya san a-kori-kura. Ita ce motar nan mai mazaunin direba a gaba da buɗaɗɗen akwati a baya, wadda ake loda wa buhunan hatsi, ko siminti, ko tumaki. Sunanta ma tarihi ne, domin ita ce ta zo ta ƙwace aikin kura, wato keken dakon da ƙarti ke turawa da ƙarfin damtse. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Nijeriya, su ne suka fi fito da wannan suna. Ba su da wani girman a zo a gani, amma sukan ɗauki kayan da ya kai kimanin tan ɗaya.

Babu ƙasar da ke alfahari da irin wannan mota kamar Amurka. Tun daga shekarar 1977 jerin motocin Ford da ake kira F-Series ke kan gaba wajen ciniki a cikin motoci masu buɗaɗɗen baya a ƙasar. Sai dai akwai abin mamaki. Manomi ko kafinta da ya shiga kantin sayar da sababbin motoci a can yana neman ƙaramar a-kori-kura mai ƙofa biyu da dogon akwati, irin wadda mahaifinsa ya yi aiki da ita a shekarun 1980, zai fito hannu rabbana. Abin da zai tarar shi ne manyan motoci masu tsawon kusan mita 6 da nauyin fiye da tan 2. Toyota Hilux ta zamani, wadda ake yi wa kallon babbar mota a titunan Kano da Yamai, irin girmanta a Amurka matsakaici ake kira. Me ya jawo haka? Kuma idan babu ƙaramar, da wace mota mutum zai yi dakon kayansa?

Zamanin ƙananan motoci

Ƙaramar a-kori-kura ta yi zamani a Amurka. Kamfanin Datsun na ƙasar Japan, wanda daga baya ya koma amfani da sunan Nissan, ya fara kai ta can a ƙarshen shekarun 1950. Toyota ta biyo baya, kuma ta fara ƙera Hilux a shekarar 1968. A 1972 kamfanonin Amurka da kansu suka shiga sahu: Ford ta riƙa sayar da Courier wadda Mazda ke ƙera mata, Chevrolet kuma ta riƙa sayar da LUV wadda Isuzu ke ƙerawa. Da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka man fetur a 1973, farashin mai ya tashi, sai kasuwar waɗannan motoci marasa shan mai ta buɗe sosai. A farkon shekarun 1980 aka fito da Chevrolet S-10 da Ford Ranger, ƙirar gida.

Daga nan sai suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A 1995 Toyota ta daina sayar da dangin Hilux a Amurka, ta maye gurbinta da Tacoma, wadda ta yi ta ƙara girma da tafiyar shekaru. S-10 ta kau a 2004. A watan Disamba na 2011 Ranger ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Ford da ke birnin Sen Fol a jihar Minesota. Da sunan Ranger ya sake dawowa a 2019, motar da ke ɗauke da shi ta riga ta zama matsakaiciya. Dalilai uku ne suka haɗu suka kawo wannan sauyi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shafi gazawar motar a wajen aiki.

Dalili na farko: harajin kaji

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manoman Amurka sun ƙware wajen kiwon kaji dubbai a gida guda, har naman kaza ya yi araha suka fara cika kasuwannin Turai da shi. Manoman Turai suka koka. A 1962 ƙasashe shida na Kasuwar Tarayyar Turai, ciki har da Faransa da Jamus ta Yamma, suka ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kajin Amurka. Tattaunawa ta ci tura. A watan Disamba na 1963 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan takardar ramuwa, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 1964. Takardar ta ƙara kuɗin fito a kan abubuwa huɗu: sitacin dankalin Turawa, da wani sinadarin danƙo da ake samu daga sitaci, da barasar burandi, da ƙananan motocin ɗaukar kaya. An sa motoci a ciki ne domin a ciji kamfanin Volkswagen na Jamus, wanda ke sayar da motocin kaya a Amurka a lokacin.

Kuɗin fiton motocin kayan ya zama kashi 25 cikin ɗari na darajar mota. An daɗe da janye ƙarin da aka yi wa sauran abubuwa ukun, amma na motoci ya zauna daram, kuma har yau ana kiransa harajin kaji. Shekaru da dama kafin 2025 motar fasinja kashi 2.5 cikin ɗari kawai ta riƙa biya, wato motar kaya ta riƙa biyan ninki goma. Lissafin wancan lokaci a fili yake: motar kaya ta dala 20,000 za ta biya dala 5,000 a tashar jiragen ruwa, alhali motar fasinja mai irin wannan daraja dala 500 za ta biya. Mai sayen ƙaramar mota kuwa saboda araha yake sayenta. Idan araha ta tafi, ciniki ya tafi.

Kamfanoni sun yi ta dabarun kauce wa wannan haraji. Courier da LUV an riƙa shigo da su ba akwati, a biya kashi 4 cikin ɗari, sannan a ɗaura musu akwatin a cikin Amurka, har sai da aka toshe wannan kafa a 1980. Kamfanin Subaru ya kafa kujeru biyu masu kallon baya a cikin akwatin motarsa mai suna BRAT a 1978, domin a lissafa ta cikin motocin fasinja. Ford ma ta riƙa shigo da motar Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya, idan ta wuce kwastan sai a cire su a sayar da ita a matsayin motar kaya. Gwamnati ta ƙi yarda da wannan, kuma a watan Maris na 2024 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 365 domin a kashe maganar.

Hanya tabbatacciya ita ce a ƙera motar a cikin Amurka, kamar yadda Nissan ta fara yi a jihar Tenesi a 1983, ko kuma a Meziko da Kanada, waɗanda yarjejeniyar ciniki ta 1994 ta sassauta musu. Amma gina masana'anta yana cin kuɗi masu yawan gaske, ba kuwa wanda zai gina ta saboda motar da ribarta kaɗan ce. Ta haka harajin ya zama katanga: ƙananan motocin da ake ƙerawa a Tailan ko Barazil ba su da hanyar shiga da farashin da zai ja mai saye. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ƙara wasu sababbin kuɗaɗen fito a kan motocin waje, katangar ta ƙara tsawo.

Dalili na biyu: dokar tsimin mai

A 1975, bayan wahalar man da aka sha, majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ake kira CAFE a taƙaice. Dokar ta ce idan aka haɗa dukkan motocin da kamfani ya sayar a shekara aka ɗauki matsakaicinsu, dole ne su yi tafiyar wani adadin nisa da kowane galan na mai, in ba haka ba kamfanin ya biya tara. An raba motoci gida biyu. Ga motocin fasinja an sa mil 27.5 a galan ɗaya zuwa shekarar 1985, wato kimanin kilomita 11.7 a lita. Ga motocin kaya an sassauta, bisa hujjar cewa na manoma ne da 'yan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 abin da ake nema gare su mil 20.7 ne, wato kimanin kilomita 8.8 a lita.

A tsarin farko ƙaramar a-kori-kura tana da amfani ga kamfani, domin rashin shan manta yana gyara matsakaicin da manyan motoci suka ɓata. Sai aka sauya tsarin. Daga motocin shekarar 2011, kowace mota an yanka mata nata ma'aunin gwargwadon abin da za a iya kira sawunta. Ana samun sawun mota ne idan aka auna tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, aka ninka ta da tazarar da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama. Tsohuwar Ranger mai ƙofa biyu, alal misali, tana da tazarar kimanin mita 2.8 a tsaye da kusan mita 1.5 a kwance, sawunta ke nan ya ɗan haura murabba'in mita 4. Ita kuwa F-150 mai ƙofa huɗu tana da kimanin mita 3.7 da mita 1.7, sawunta ya haura murabba'in mita 6.

Ƙa'idar ita ce: iya ƙanƙantar sawu, iya tsananin tsimin man da ake nema. An yi haka da kyakkyawar niyya, don kada kamfanoni su riƙa rage girman motoci ta hanyar da za ta rage kariyar waɗanda ke ciki. Amma ga injiniyan da aka ba aikin ƙera motar kaya, ƙa'idar tana nufin hanya biyu. Ko dai ya ƙera ƙarama ya kashe kuɗi masu yawa wajen sa mata inji na musamman don ta cika ma'auni mai tsauri, ko kuma ya ƙara nisan tayoyi ya sami ma'auni mai sauƙi. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Mishigan, Kate Whitefoot da Steven Skerlos, sun yi lissafi tun farkon fara aikin tsarin, suka nuna cewa zai ƙarfafa wa kamfanoni gwiwar ƙara girman motoci. A watan Yuli na 2025 majalisa ta mayar da tarar karya wannan doka sifiri, amma kafin nan tsarin ya yi sama da shekaru goma yana tasiri a kan irin motocin da aka zana da masana'antun da aka gina.

Dalili na uku: riba da son zuciyar masu saye

Kuɗin ƙera mota ba ya raguwa daidai da raguwar girmanta. Ƙarama da babba duk suna buƙatar zane, da gwajin karo, da jakunkunan iska masu kare direba, da na'urorin tace hayaƙi, da kwamfutocin sarrafa inji. Abin da aka rage ɗan ƙarfe ne da roba, waɗanda ba su ne mafi tsada ba. Amma mai saye yana ganin ƙaramar mota dole ta yi araha ƙwarai. Saboda haka ribar babbar mota ta fi ta ƙarama nesa ba kusa ba, kuma dillali ya fi son ya cika filinsa da abin da ya fi kawo riba. Bugu da ƙari, dokar haraji ta Amurka tana ba masu sana'a rangwame mafi girma idan jimillar nauyin da aka yarje wa motarsu ya wuce kilo 2,700 da 'yan kai.

Masu saye su ma sun sauya. A da motar gona ce da wurin gini. Yanzu ta zama motar iyali, ta kai yara makaranta da zuwa ofis. Don haka aka ƙara layin kujeru na biyu da ƙofofi huɗu, aka rage akwati. Wani binciken kamfanin Strategic Vision da aka ruwaito a 2019 ya nuna cewa kashi 75 cikin ɗari na masu irin waɗannan motoci ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara.

Masana halittu sun san irin wannan lamari. A tsibiran Sisili da Malta an tono ƙasusuwan wasu giwaye na zamanin da, waɗanda tsayinsu bai wuce kimanin mita ɗaya ba, alhali kakanninsu na babban yanki ƙatti ne. Ƙarancin abinci da rashin manyan namun dawa masu farauta su suka sa ƙaramin jiki ya fi dacewa da tsibiri. Muhalli shi ke zaɓen girma. Muhallin mota kuwa shi ne doka, da haraji, da farashin mai, da faɗin titi. Inda muhallin ya bambanta, sakamakon ma ya bambanta. A Barazil ƙaramar a-kori-kura mai suna Fiat Strada ce ta fi kowace mota ciniki a 2021 da shekaru ukun da suka biyo baya. A Tailan kuma Toyota ta fito da Hilux Champ a 2023, motar aiki zalla mai sauƙin kuɗi.

Girman mota ba shi ne yawan kaya ba

Kafin a kwatanta motoci, ya kamata mai karatu ya riƙe ma'auni biyu. Na farko shi ne iyakar lodi. Kowace mota tana da jimillar nauyin da masu ƙera ta suka yarje mata, gwargwadon ƙarfin tayoyinta, da sifirin, da birki. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan jimilla, abin da ya rage shi ne iyakar lodi, kuma a cikinsa ne ake lissafa direba da fasinjoji. Ana rubuta shi a jikin wata 'yar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, ko a littafin motar. Na biyu shi ne fili, wato yawan wurin da kaya za su zauna.

Wane ne daga cikin biyun zai fara ƙarewa? Wannan ya danganta ga irin kayan. Akwatin da ke da tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya shi ake kira mita kubik ɗaya. Idan aka cika shi da busasshen yashi, nauyin zai kai kimanin kilo 1,600. Idan harawa aka zuba, ko kusa ba za ta kai haka ba. Mai ɗaukar yashi ko siminti nauyi ne zai tsayar da shi tun akwati bai cika ba. Mai ɗaukar harawa ko katifu fili ne zai ƙare masa, motar ba ta ma san an ɗora mata komai ba.

Ford Maverick misali ce mai kyau. An fito da ita a 2021 daga masana'antar kamfanin da ke Meziko, a kan farashin da ya fara daga ƙasa da dala 20,000, kuma jama'a suka yi rububinta, abin da ya nuna cewa masu son ƙaramar mota suna nan. Iyakar lodinta kimanin kilo 680 ne. Idan direba mai kilo 80 ya zauna, saura kilo 600, wato buhun siminti 12. Akwatinta bai cika mita kubik ɗaya ba, amma idan aka cika shi da yashi fal, an ɗora mata ninki biyu na abin da aka yarje mata. Daɗin daɗawa, ko ita ma tsawonta ya haura mita 5, ƙofofinta huɗu, akwatinta kuma kimanin mita 1.4 ne kawai.

Sauran motocin dako

Ta farko ita ce 'yar ƙaramar motar kayan Japan, irin su Suzuki Carry da Daihatsu Hijet, wadda a Kano ake kira 'yar ƙurƙura. Dokar Japan ta kayyade wa ajinta tsawon mita 3.4, da faɗin mita 1.48, da injin da bai wuce sisi 660 ba, da lodin kilo 350. Da yake direba yana zaune ne a saman tayoyin gaba, ba dogon hanci, akwatinta ya kai kusan mita 2. F-150 mai ƙofa huɗu, wadda ta fi ta tsawo da kimanin mita biyu da rabi, akwatin da aka fi sayenta da shi kimanin mita 1.7 ne. A wajen nauyi babbar ta fi ta sosai, amma a wajen tsawon akwati ƙaramar ce a gaba. Rauninta shi ne rashin gudu da ƙarancin kariya idan aka yi karo. Dokar Amurka ba ta yarda a shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin ƙasar ba sai ta shekara 25, don haka tsofaffi kawai ake shigowa da su don hawa titi, kuma wasu jihohi sun ƙi ba su lambar hawa titi.

Ta biyu ita ce motar iyali mai ƙofar zamiya, irin Toyota Sienna, wadda ake ƙerawa a Amurka kuma tsofaffinta suka cika tashoshin motar Nijeriya. A Amurka ana auna motar dako da fallen katako mai faɗin mita 1.22 da tsawon mita 2.44. Da yawa daga cikin waɗannan motoci, idan aka cire kujerun baya ko aka naɗe su, fallen yana kwanciya a ciki a rufe ƙofa, abin da gajeren akwatin babbar a-kori-kura ba zai iya ba sai an bar marfin baya a buɗe. Kaya suna tsira daga ruwan sama da ɓarayi, kuma daɓen motar yana kusa da ƙasa, lodi ba wuya. Amma iyakar lodinta kimanin rabin tan ne, cikinta yana kusa da ƙasa, kuma ba ta dace da taki ko dabbobi ba.

Ta uku ita ce rufaffiyar motar kaya, irin su Ford Transit da Mercedes Sprinter da Toyota HiAce. Ita ce abokiyar aikin magina da masu gyaran famfo a Turai. Yawancinsu suna ɗaukar tan ɗaya ko fiye, filinsu kuma ya ninka na akwatin a-kori-kura sau da yawa.

Ta huɗu ita ce ƙaramar tirela da ake ɗaura wa motar gida. Sirrinta shi ne bambancin da ke tsakanin ɗauka da ja. Mai ruwa yana tura kura mai jarka 12 na lita 25, wato kilo 300 na ruwa, shi kaɗai, alhali ba zai iya ɗora rabin wannan a kansa ba. Tayoyi ne ke ɗauke da nauyin, shi aikinsa kawai ya rinjayi turjiyar da ke tsakanin taya da ƙasa. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta wannan turjiya kashi 1 zuwa 2 ce cikin ɗari na nauyin. Tirela mai kilo 500 ke nan tana buƙatar ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo 5 zuwa 10 ba don ta ci gaba da tafiya. A kan hawan da ke tashi mita ɗaya a kowace mita goma, sai a ƙara kimanin kilo 50. Matsalar tana wajen tsayawa, domin birkin motar ne zai tsayar da duka biyun. Shi ya sa a Turai tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da nata birkin. Har ila yau, ana so kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirela ya danna a kan maɗaurinta. Idan kaya suka taru a bayanta, sai ta fara lilo da motar. Amfanin tirela shi ne ranar da babu kaya ana kwance ta a ajiye.

Duk da haka, akwai aikin da a-kori-kura ta fi kowa: kaya masu datti kamar taki da yashi, kaya masu tsayi, dabbobi, da abubuwa masu tururi mai haɗari kamar fetur da tukwanen gas, waɗanda bai kamata su zauna ɗaki ɗaya da direba ba. Idan kuma hanya ta lalace, tsayin cikinta daga ƙasa da ƙarfin shasinta su ke fid da ita.

Abin da girma ke jawowa

Wannan magana ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Ƙarfin motsin mota ana samunsa ne daga rabin nauyinta a ninka da gudunta sau biyu. Motar kilo 2,600 tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin motar kilo 1,300 idan gudunsu ɗaya. Idan kuma aka ninka gudu, ƙarfin ya ninka sau huɗu. A lokacin karo, wannan ƙarfi dole ya sauka a kan wani abu. Siffar gaban mota ma tana da tasiri. Gajeren hanci yakan bugi mai tafiya a ƙasa a ƙafafu ya jefa shi kan bonet, dogon hanci kuwa yakan same shi a ƙirji ko kai ya tura shi ƙarƙashi. A 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, wato IIHS, ta gano cewa motocin da tsayin hancinsu ya wuce kimanin mita ɗaya sun fi masu gajeren hanci mai gangara yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari. Masu tafiya a ƙasa da motoci suka kashe a Amurka kimanin 4,100 ne a 2009. A 2022 sun haura 7,500. Dalilan suna da yawa, amma masu bincike suna lissafa girman motoci a cikinsu.

Wannan lissafi yana da ɗaya fuskar, wadda ta shafi hanyoyin Nijeriya da Nijar. A can an ba ƙaramin kaya babbar mota. A nan sau da yawa ƙaramar mota ake ɗora wa babban kaya. Motar da aka ninka wa lodi tana buƙatar nisa mai yawa kafin ta tsaya, tayoyinta suna yin zafi har su fashe, kuma idan an tula kayan sama, cibiyar nauyinta ta hau, sai ta kife a kwana. Dokar kimiyya ɗaya ce a wuraren biyu.

Kammalawa

Ƙaramar a-kori-kura ta yi ƙaranci a Amurka ne saboda rigimar kaji ta 1963, da ma'aunin sawu na dokar mai, da lissafin ribar kamfanoni, da sauyin buƙatar masu saye. Darasin da ke ciki ga masu tsara doka shi ne ƙa'ida takan haifi abin da ba a nufa ba, kuma takan daɗe bayan dalilin kafa ta ya wuce. Ga mai neman motar dako kuwa, tambayoyi huɗu ne: nawa ne nauyin kayan, wane fili suke ci, wace irin hanya za a bi, kuma sau nawa a shekara? Wanda ke dako sau biyu a shekara, haya ta fi masa sauƙi.

Malamai za su iya mayar da wannan aikin aji. A ɗauki tef a je wurin ajiye motoci na makaranta, ɗalibai su auna tazarar tayoyin motoci uku su fitar da sawun kowace, su auna akwati ko but su fitar da filinsa, sannan su duba iyakar lodi a bakin ƙofa ko a littafin mota. Daga nan a tambaye su buhun siminti nawa kowace mota za ta ɗauka bayan an cire nauyin direba, kuma idan yashi ne, zuwa wane zurfi za a zuba kafin a kai iyaka.